Kun Tambaya: Duwatsu Masu Rubutu na Birnin Gao da Makamantansu

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa sun taru a kan batu guda, wato duwatsun da mutanen zamanin da suka sassaƙa rubutu a jikinsu, aka kuma tono su a garuruwa bayan ɗaruruwan shekaru. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya daga wani ɗan kasuwar goro, Agege:

Assalamu alaikum. Muna hira a rumfa bayan sallar La'asar sai wani abokin cinikinmu, mutumin Mali, ya ce a garinsu Gao an tono duwatsun kaburburan sarakuna masu rubutun Larabci waɗanda suka haura shekara 900, har ya ce daga ƙasar Turai aka kawo wasunsu. Mu dai mun ɗauka cika baki ne irin na mai son garinsu. Akwai gaskiya a maganar?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokin cinikinku bai yi cika baki ba, da ya so ma da ya ƙara a kan abin da ya faɗa. Gao tsohon birni ne a gaɓar kogin Kwara, kogin nan da ya biyo ta Yamai da Yawuri da Jebba har ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, kuma tun a ƙarni na 9 marubuci al-Yaƙubi ya ambace shi da sunan Kaukau, ya ce masarautarsa ce mafi girma a ƙasashen baƙar fata. A shekarar 1939, zamanin mulkin mallakar Faransa, aka gano wata tsohuwar maƙabarta a wani kufai da ake kira Sane, 'yan kilomitoci gabas da garin na yanzu, kuma a cikinta akwai duwatsun kaburbura masu rubutun Larabci irin na Kufi, wato tsohon salon rubutu mai kusurwa. Wanda ya fara karanta su da idon masani ya bayyana wa duniya abin da suka ƙunsa shi ne Jean Sauvaget, Bafaranshe, a 1949 da 1950.

Uku daga cikin duwatsun na sarakuna ne da suka gaji juna. Na farko shi ne Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Abdullahi ɗan Zagi, wanda dutsensa ya ce ya rasu a watan Muharram na shekarar 494 bayan Hijira, daidai da Nuwamba 1100, kuma an yi masa laƙabi da mai taimakon addinin Allah, mai dogaro ga Allah. Na biyu sunansa Abubakar ɗan Abu Ƙuhafa, ya rasu a 503, wato 1110. Na uku kuwa an rubuta sunansa na gida, Yama ɗan Kuma ɗan Zagi, sannan aka ƙara da cewa ana kiransa Umaru ɗan Haɗɗabi, ya rasu a 514, wato 1120. Duk wanda ya yi karatun Islamiyya ko na shekara ɗaya zai ga abin da ke cikin wannan jeri: Muhammadu, sai Abubakar, sai Umaru, har da sunayen mahaifansu. Gidan sarautar da gangan ya ɗauki sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na halifofinsa biyu na farko bisa tsarin da suka zo, abin da ke nuna mutanen sun san Sira, kuma suna so duniyar Musulmi ta san sun santa.

Akwai kuma duwatsun mata da aka rubuta musu sarautar malika, wato sarauniya, ɗaya daga ciki ta rasu a 502, wato 1108. Da yake rubutun ba shi da wasula, kuma sunayen ba na Larabci ba ne, baƙaƙen kawai ake iya karantawa, masana su yi ta gwada yadda aka furta su.

Maganar Turai ita ma haka take. 'Yan kaɗan daga cikin duwatsun, ciki har da na sarakuna biyu na farko, an yi su ne da farin dutsen nan mai santsi da magina a nan Legas ke kira mabul, kuma fasalin haruffansu da adon gefensu sun zo daidai da na duwatsun kaburburan birnin Almeriya, wata tashar jiragen ruwa a kudancin Andalus, ƙasar Sifen ta yau. Kusa da Almeriya akwai mahaƙar wannan dutse a Makayel, wadda ake aiki da ita har yanzu. A kan waɗannan duwatsu haruffan a tashe suke, domin masassaƙi ya cinye jikin dutsen da ke kewaye da su ne ya bar su sun fito, aikin da ke buƙatar gwaninta da haƙuri. Ɗaya daga cikinsu ma yana ɗauke da sunan masassaƙin da ya yi shi, Ya'ish.

Yana da kyau Alhaji, a matsayinsa na mai fatauci, ya auna abin da wannan ke nufi a aikace. Sarki ya rasu a Gao. Dole a rubuta sunansa da nasabarsa da laƙabinsa da ranar rasuwarsa a takarda, a ba madugun ayarin da zai ƙetare Sahara. Al-Bakari, malamin Andalus da ya yi rubutu a 1068, ya ce daga Gao zuwa Tadmakka, wani tsohon birni a arewacin Mali ta yau, zango 9 ne, daga Tadmakka kuma tafiyar kwana 50 ce cikin hamada kafin a kai Wargala, a Aljeriya ta yau. Daga can sai a nufi bakin teku, a shiga jirgin ruwa zuwa Almeriya, a ba masassaƙin da bai taɓa jin sunan Zagi ba ya zauna ya fitar da shi harafi bayan harafi. Sa'an nan a naɗe dutsen a ɗora wa raƙumi ya sake biyo hanyar nan ba tare da ya tsage ba. Ba a yin irin wannan saƙo sai inda akwai amana tsakanin 'yan kasuwa, da wakilai a kowane zango, da ayarin da ake da tabbacin zuwansa da dawowarsa. A lokacin kuwa daular Murabiɗuna ta haɗa yammacin Sahara da Maroko da Andalus ƙarƙashin tuta ɗaya, domin ta karɓi Almeriya a 1091, shekara 9 kacal kafin rasuwar sarki na farko, kuma birnin ya ci gaba da bunƙasa har sojojin Kirista suka ci shi a 1147.

Abin da aka haƙo a ƙasa ya goyi bayan abin da duwatsun suka nuna. A kufan Sane an sami ɗimbin duwatsun wuya na gilashi da guntayen jan ƙarfe, a tsohon Gao kuma Timothy Insoll ya tono tarin hauren dorina fiye da 50 da aka jera wuri guda, alamar hajar da ake tanada don arewa. Daga baya masassaƙan gida suka karɓi sana'ar, suna aiki da duwatsun yankin, galibi suna yanka haruffan cikin dutsen maimakon su tayar da su, kuma dutsen sarki na uku yana cikin aikin gida.

Duwatsun Sane ba su ne mafi tsufa a yankin ba. A Essuk, kufan tsohuwar Tadmakka da ke cikin duwatsun arewacin Mali, akwai rubutun Larabci a jikin falalen dutse mai ɗauke da shekarar 404, wato 1013 zuwa 1014. A Bentiya kuma, kudu da Gao a kan hanyar Nijar, akwai duwatsun kaburbura na ƙarnonin da suka biyo baya. Paulo de Moraes Farias, ɗan ƙasar Barazil da ya koyar a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya tattara rubuce-rubucen waɗannan wurare kusan 250 ya wallafa su a 2003, kuma aikinsa ne madogarar masu nazarin wannan fanni.

Tambaya daga wani ɗalibin tarihi, Akoka:

Malaminmu ya ce waɗannan duwatsu sun saɓa wa littattafan tarihin Tumbuktu. Idan dutse da littafi suka yi karo, wanne za a ɗauka?

Amsa:

Malaminku ya faɗi gaskiya, amma saɓanin yana buƙatar a fayyace shi. Littafin da aka fi dogara da shi wajen tarihin Songhai, daular da Gao ta zama babban birninta, shi ne Tarikhus Sudan na Abdurrahman as-Sa'adi, wanda aka rubuta wajen 1655. Ya kawo jerin sarakuna fiye da 30 na gidan Zuwa, ya ce na 15 ɗinsu ne ya musulunta a shekarar 400 bayan Hijira. Sunayen sarakunan nan uku na Sane ba su fito a jerin da siffar da suke a kan duwatsu ba, sarauniyoyin kuwa ba a ambace su ko kaɗan, kuma masana sun daɗe suna ƙoƙarin daidaita ɓangarorin biyu ba tare da sun taru a kan ra'ayi ɗaya ba. Haka nan littafin ya danganta asalin sarautar Askiya da wata magana da aka yi lokacin da Askiya Muhammadu ya ƙwace mulki a 1493, alhali an sami wannan sarauta a kan duwatsun Gao tun ƙarni na 13, wato kimanin shekara 250 kafin juyin mulkin.

A irin wannan wuri ni dutse nake rinjayarwa, kuma dalilina shi ne tazarar lokaci. Wanda ya ba da saƙon sassaƙa dutsen 1100 ya san mamacin, wataƙila ya bi gawarsa, kuma abin da ya rubuta ya tsaya yadda yake domin ba a kwafe shi daga hannu zuwa hannu ba. As-Sa'adi kuwa ya zo bayan shekara 550, ya dogara da abin da ya ji da abin da ya karanta, kuma ya yi rubutu bayan sojojin Maroko sun rusa daular Songhai a 1591, lokacin da malamai da 'ya'yan sarauta suke neman labarin da zai haɗa kansu ya bayyana matsayinsu a sabon zamani. Wannan ne jigon hujjar Moraes Farias, cewa marubutan Tumbuktu masana ne da suka tsara tarihi da manufa, suka cike giɓi da tunaninsu, kuma ya kamata a karanta su a haka.

Sai dai kada ɗalibi ya zarce ya mai da dutse shaidar da ba ta kuskure. Iyalan mamaci ne suka biya kuɗinsa, don haka laƙabin da ke kansa yabo ne, wasu ma aro ne daga laƙabin halifofi. Masassaƙi yakan yi tuntuɓen harafi. Mafi muhimmanci, mai hali ne kaɗai yake samun dutse, masunta da manoma da bayin Gao ba su bar ko ɗaya ba. Dutse yana da ƙarfi wajen suna da nasaba da sarauta da kwanan wata, amma ba ya faɗin dalilin yaƙi ko yadda aka yi gardamar gadon sarauta, kuma a nan babu makawa sai an koma ga littafi da bakin maroƙa.

Tambaya daga wata malamar Islamiyya, Idi-Araba:

Me ya sa ba mu jin an tono irin waɗannan duwatsu a Kano ko Katsina ko Zazzau, alhali su ma tsofaffin biranen Musulunci ne? Kuma ni na san an hana rubutu a kan kabari, to yaya waɗancan sarakuna suka yi?

Amsa:

Malama, tambayoyinki biyu suna amsa juna. Fatawa ta malamai ce, mu abin da ke cikin littattafai za mu kawo. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, ko a yi rubutu a kansa, ko a yi gini a kansa, ko a taka shi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa da aka binne Usmanu ɗan Maz'un, Annabi ya ɗauko dutse ya ajiye a wajen kansa domin ya zama alamar kabarin. Daga waɗannan biyu malaman Malikiyya suka fitar da hukuncin da ke cikin Muhtasar na Halil, cewa ya halatta a sa dutse ko itace don a gane kabari, amma ba tare da zane ba. Risala ita ma ta ce makaruhi ne gini a kan kaburbura da shafe su.

Duk da haka al'adar rubutun ta fara da wuri a wasu ƙasashe. A gidan adana kayan tarihin Musulunci na Alƙahira akwai dutsen kabarin wani mutum mai suna Abdurrahman ɗan Hairu wanda ya rasu a shekarar 31 bayan Hijira, wato 652, zamanin halifancin Usmanu. Al-Hakim, bayan ya kawo hadisin hanin, ya ce shugabannin Musulmi gabas da yamma akwai rubutu a kan kaburburansu, sai az-Zahabi ya mayar masa da cewa wannan abu ne da aka ƙirƙira daga baya, ba a san wani Sahabi da ya yi shi ba. Ke nan gardama ce tsohuwa, kuma sarakunan Gao sun bi abin da manyan Andalus da Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, suke yi a zamaninsu.

Ƙasar Hausa kuwa Musulunci ya kafu a fadojinta ne daga baya. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, kuma karatun da ya yaɗu a zaurukan malamai na waɗannan littattafan Malikiyya ne da suka karhanta zanen. Ga kuma sana'a: birane ne na tubali da jar ƙasa da azara, gwanintar magininsu tana ga laka, rubutunsu kuma yana ga allo da takarda da fata, wani lokaci da ƙarfe, kamar takobin Gajere na masarautar Katsina mai rubutun Larabci a ruwansa. Kabarin Bahaushe alamarsa tulin ƙasa ce da guntun itace ko dutse ko fasasshiyar tukunya, kuma bayan 'yan damuna sai ya koma daidai da ƙasa. Farantin ƙarfen da ake rubuta suna da fenti a kafa, wanda Malama take gani a maƙabartun Hausawa a nan Legas, sabon abu ne da cunkoson birni da tsoron ɓatan kabari suka kawo.

Wannan tsantseni yana da farashinsa a wajen masu tarihi, kuma ba laifi a faɗa. Tarihin Kano tsawon mulkin kowane sarki kawai ya bayar, bai ba da shekarun Hijira ba. Shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya hau mulki lissafi ne da Richmond Palmer ya yi da baya da baya lokacin da ya fassara littafin a 1908, don haka duk kuskuren da ke cikin tsawon mulkin wani sarki yana shafar na gabaninsa. Dutse ɗaya mai wata da shekara daga Kano ta ƙarni na 14 da ya warware gardamomi da yawa.

Tambaya daga wani magidanci, Obalende:

Na kai yarana gidan tarihi na Onikan, muka ga wasu dogayen duwatsu masu fuskar mutum da zane-zane. Su ma rubutu ne?

Amsa:

Waɗannan duwatsun Ikom ne na jihar Kuros Riba, waɗanda ake kira akwanshi. Philip Allison ya zagaya ƙauyukan a 1961 da 1962 ya ƙidaya kusan 300, galibinsu a jere cikin da'ira, kuma mutanen yankin suna ɗaukarsu a matsayin wakilan kakanninsu. A jikinsu akwai fuska da gemu da babbar cibiya da zane masu lanƙwasa, kuma wasu masana suna danganta zanen da alamomin nsibidi na wannan yanki. Bambancinsu da na Gao shi ne alamomin ba haruffan da ake haɗawa a furta suna ko kwanan wata ba ne, shi ya sa ake saɓani mai faɗi a kan shekarunsu. An sace da yawa daga cikinsu tun daga shekarun 1970, kuma a 2020 jami'an kwastan na Amurka sun kama wasu a filin jirgin saman Miyami. Gidan tarihin da ka kai yaran Kenneth Murray ne ya kafa shi a 1957.

Tambaya daga wani magini, Ikorodu:

Muna haƙar fandisho a wani fili sai diga ta ci karo da wani faffaɗan dutse mai rubutun Larabci, rabinsa ya cije da ƙasa. Wani mutum ya zo ya ce zai saya, yana cewa Turawa suna neman irinsa. Yaya zan san shekarunsa, kuma in sayar?

Amsa:

Malam, kada ka sayar, kuma idan ba a riga an ɗaga shi ba a bar shi inda yake. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa ta ce wanda ya tsinci abin tarihi a ƙasa ya sanar da hukumar da ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7, ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba tare da izini ba. Aikin hannu da aka yi kafin 1918 yana shiga cikin wannan doka. Ofishin da ya fi kusa da kai shi ne na Onikan. Kafin haka ka sanar da mai filin, domin ba kai kaɗai abin ya shafa ba, idan kuma akwai alamar ƙasusuwa a tsayar da aiki nan take, a kira mai unguwa da liman da 'yan sanda, saboda kabari ne kuma yana da alfarmarsa.

Ban da doka, sayarwar tana kashe amfanin dutsen. Abin da ya ba duwatsun Sane daraja shi ne an san maƙabartar da suka fito, an san wanne ne kusa da wanne. Dutsen da aka cire aka kai kanti ya zama kamar takardar fili da aka yage wurin da aka rubuta sunan unguwa: rubutun yana nan, amma ba ya tabbatar da komai. Kufan Sane kansa ya sha wannan ɓarna, domin masu neman duwatsun wuya sun huda shi da ramuka ba adadi, suka cakuɗa ƙasar ƙarni ɗaya da ta wani.

Game da shekarunsa, kada ka sa rai da irin na Gao. Musulunci ya fara bayyana a fadar Legas ne wajen ƙarshen ƙarni na 18, ya ƙarfafa a ƙarni na 19 da dawowar 'yantattun bayi daga Saliyo da Barazil, waɗanda suka zo da sana'ar gini da al'adar sa allon dutse a kabari da ƙofar masallaci. Masallacin Shitta-Bey da ke cikin tsibiri an buɗe shi a 1894. Ƙasar nan kuma yashi ce da fadama, dutsen gini daga wajen Abekuta da Ibadan ake kawo shi. Saboda haka mafi rinjayen zato shi ne dutsenka na ƙarshen ƙarni na 19 ne ko farkon na 20. Wannan bai rage masa daraja ba, domin sunan wani malami ko bafatake da shekarar rasuwarsa na iya zama shaida mafi tsufa ta zaman Musulmi a wannan unguwa.

Kada ka wanke shi da ruwan batir ko omo, kada ka goge shi da burushin ƙarfe, kada kuma ka bi haruffan da alli ko fenti don su fito, domin duk waɗannan suna cin bakin harafi. Tsintsiya mai laushi ta isa ta share busasshiyar ƙasa. Ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka shimfiɗa tef ɗin awonka a gefensa, ka kuma auna zurfin ramin. Da almuru ka kwantar da tocila a gefen dutsen yadda haskenta zai bi saman fuskarsa a kaikaice: kowane yanka zai cika da inuwa, kuma haruffan da ba ka gani da rana tsaka za su fito sarai. Ka sake ɗauka da hasken daga ɗaya gefen.

Sai ka kai hotunan wurin alaramma. Irin waɗannan duwatsu yawanci suna farawa da Bisimilla, su kawo aya kamar ta Ali Imrana da ke cewa kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, sannan sunan mamaci, kwanan wata kuma yana zuwa a layukan ƙarshe, don haka rabin da ya cije da ƙasa na iya zama mafi muhimmanci. Alaramma zai lura ko harafin fa yana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun allonmu da ya samo asali daga Magrib, ko kuwa rubutun gabas ne irin na littattafan bugun Masar, wanda ya fi nuna zamani na kusa. Rubutun Kufi na da kuwa mai kusurwa ne, galibi ba ɗigo ba wasali, kuma shekararsa da kalmomi ake rubuta ta. Wani lokaci ana ɓoye shekara cikin ramzi kamar yadda mawaƙan ajami suke yi: a lissafin da malamanmu ke bi harafin shin 1000 ne, ra 200, fa 80, don haka haɗuwarsu tana ba da 1280.

Idan an sami shekarar Hijira, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami ta Miladiyya da kusan daidai. Shekarar 1280 za ta ba ka 1863, shekarar 1320 kuma 1902. Ka aiko mana da kwafin hotunan da sunan unguwar, za mu buga karatun da aka yi masa a fitowa ta gaba idan mai filin ya yarda.